Feshin Maganin Tsatsar Waken Suya a Ƙasar Bade: Nazari a Kan Dacewarsa da Gonakin Katuzu

Tsakure

Wannan takarda ta auna shawarar da ake yawan bai wa manoman waken suya, ta su yi feshin maganin naman gwari a ƙayyadaddun ranaku domin kare gona daga cutar tsatsa, ta kuma gwada ta da yanayin Katuzu a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe. Matsayar takardar ita ce feshin bin kalanda bai dace da wannan yanki ba, domin abubuwan da cutar take buƙata kafin ta yi ɓarna ba su cika haɗuwa a nan ba sai na ɗan lokaci, a kuma wasu gonaki kaɗan. Abin da ya dace shi ne iri mai juriya, da sa ido, da feshi idan hujjarsa ta bayyana.

1.0 Gabatarwa

Waken suya ba ya cikin amfanin gonar da aka san ƙasar Bade da su. Manomin Katuzu ya gaji gero da dawa da wake da riɗi a jigawa, da shinkafa da alkama da kayan lambu a fadamar Kogin Yobe. Amma waken ya riga ya shiga kasuwa da tukunya: masu suyar awara suna nemansa kullum, masu kiwon kaji ba su da abin da ya kai dusarsa, ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ba abin mamaki ba ne manomi a Gashuwa ko Nguru ya yi sha'awar gwada shi, musamman da aka samu iri mai nuna cikin kusan kwana 90. Sai dai iri ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da jerin shawarwari da aka tsara a wuraren da suka fi nan ruwa, kuma a cikinsu akwai feshin maganin tsatsa sau biyu ko uku a damina. Manufar wannan takarda ita ce amsa tambaya ɗaya: shin wannan feshi wajibi ne a gonakin Katuzu, ko kuwa kuɗi ne da za a kashe a kan cutar da ba lallai ta iso da ƙarfi ba?

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Naman gwarin da ke haddasa cutar, wato Phakopsora pachyrhizi, an fara bayyana shi a Japan a 1902, ya kuma daɗe a nahiyar Asiya kafin ya bazu. An tabbatar da shi a Yuganda a 1996, a Zimbabuwe a 1998, a Nijeriya a 1999, a Afirka ta Kudu da Faraguwai a 2001, sannan ya mamaye Burazil. A watan Nuwamba na 2004 aka gan shi a jihar Luwiziyana ta Amurka. Inda ya samu yanayin da yake so, asarar da yake jawowa takan kai kashi 80 cikin ɗari.

Ayyukan masana a kan yaƙi da shi sun kasu gida uku. Na farko su ne waɗanda suka binciki halin cutar. Marchetti da Melching da Bromfield (1976) sun nuna cewa ƙurar cutar ba ta kama ganye sai ya jiƙe na aƙalla awa 6, kamun ya fi tsanani idan jiƙar ta kai awa 10 zuwa 12 a zafin digiri 20 zuwa 25, yana kuma tsayawa idan zafin ya doshi digiri 28. Del Ponte da abokan aikinsa (2006) sun gano a Burazil cewa yawan ruwan sama bayan bayyanar cutar ya fi zafi bayyana tsananin da za ta kai. Gida na biyu su ne masu gwajin magunguna. Levy (2005) ya bayyana tsarin da aka bi a kudancin Afirka, inda ake fara feshi wajen lokacin fure, kusan kwana 50 bayan shuka, a maimaita bayan kusan mako uku, har sau uku a wuraren da cutar ta yi ƙamari.  Gida na uku su ne masu ƙirƙirar iri. Cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi wadda alhakin waken suya ke wuyanta, sun fitar da TGx 1835-10E a 2008, sannan TGx 1987-10F da TGx 1987-62F a 2010, dukkansu masu juriya ga tsatsa. Twizeyimana da abokan aikinsa (2009) kuma sun nuna cewa cutar a Nijeriya ba launi ɗaya ba ce, tana da nau'o'i masu bambancin ƙarfi.

Abin lura a nan shi ne waɗannan ayyuka sun ginu a kan yankuna masu ruwa: Burazil, tuddan Zimbabuwe, da tsakiya da kudancin Nijeriya. Hatta faɗaɗa noman waken a Arewa maso Gabas, wanda shirin PROSAB ya yi a farkon ƙarnin nan, a kudancin Borno aka yi shi, wajen Biu da Hawul da Kwaya Kusar, inda damina ta fi ta Bade tsawo nesa ba kusa ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance. An ɗauki sharuɗɗan da masana suka tabbatar cewa cutar tana buƙata, wato shuka mai rai da za ta zauna a kai, da jiƙar ganye, da matsakaicin zafi, da isasshen lokaci, aka auna kowanne da yanayin Katuzu da tsarin nomanta. Daga nan aka duba ribar feshi da tsadarsa, da abin da yake bari a ruwa da jikin mai feshi, sannan aka amsa hujjojin masu ganin akasin haka.

4.0 Nazari

4.1 Rani a Matsayin Shinge

Wannan naman gwari ba ya rayuwa a ƙasa, ba ya kwana a karan da ya bushe, ba ya bin iri. Sai a kan ɗanyen ganye yake ci yake hayayyafa, ƙurarsa kuma ba ta daɗewa idan rana ta buge ta. Wannan rauni ne Burazil ta kama, inda tun daga 2006 jihohinta suka fara kafa dokar hana barin ko da tushe ɗaya na waken suya a gona na tsawon kwana 60 zuwa 90 a kowace shekara, don a yanke wa cutar abinci. Abin da doka take ƙoƙarin yi a can, yanayi ya riga ya yi wa Katuzu. Damina a arewacin Yobe ba ta wuce watanni uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma yana kewayen milimita 400 zuwa 500. Bayan haka sai hunturu mai busar da komai, sai bazara da zafinta ke haura digiri 40. Cutar da ta mutu a Oktoba ba ta da inda za ta jira Yuni. Kowace shekara sai ta sake tasowa daga kudu, iskar damina ta ɗauko ta daga gonakin Binuwai da Kaduna da kudancin Kano, kuma sai ta yi yawa a can kafin ta samu rarar da za ta iso nan. Iri mai kwana 90 da aka shuka a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli yana cika ƙwaya a Satumba, daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa a Bade. Tazarar da cutar take da ita tsakanin isowarta da nunar waken gajeriya ce.

Tsawon wannan tazara shi ne ke raba annoba da ɗan tabo. Daga saukar ƙura a ganye zuwa fitar sabuwar ƙura akan ɗauki kusan kwana 9 zuwa 10, kowane ƙurji kuma yakan ci gaba da zubar da ƙura har kusan mako uku. Ɓarna mai karya manomi tana zuwa ne idan wannan zagaye ya maimaitu sau da yawa tsakanin fure da cikar ƙwaya, har ganye ya yi rawaya ya zube tun ƙwayar tana shan ruwa. Idan cutar ta iso bayan ƙwaya ta cika kwanso, ko ta rufe ganyen duka ba abin da za ta rage a buhu, feshi kuma a lokacin zubar da kuɗi ne. Misalin Amurka ya isa hujja: bayan firgicin 2004, an kafa gonakin leƙe, wato ƙananan filayen da ake dubawa don gano isowar cutar, a jihohi da dama daga 2005, kuma abin da suka nuna shi ne cutar takan tsaya a kudu a mafi yawan shekaru, ko ta isa arewa a makare, saboda sanyi yana kashe ta duk shekara. Manyan jihohin noman waken na tsakiyar ƙasar ba su taɓa mayar da feshin tsatsa al'ada ba. Sanyi ne shingensu, rani ne shingen Bade.

4.2 Lissafin Riba

Gwangwanin magani farashinsa ɗaya ne ko a gonar da ke ba da tan uku ko a wadda ke ba da tan ɗaya. Matsakaicin amfanin kadada a Burazil ya haura tan 3, a Nijeriya kuwa yana kewayen tan 1, kuma babu dalilin zaton jigawar Bade za ta wuce wannan. Feshin da ya ceto kashi goma cikin ɗari ya ceto buhu uku a can, a nan buhu ɗaya ko ƙasa da haka, wannan ma idan cutar ta zo. A shekarar da ba ta zo ba, kuɗin magani da ladan mai feshi da ɗaukar ruwa duk sun tafi a banza. Abubuwan da ke danne waken suya a ƙasa mai rairayi irin wannan sanannu ne: yankewar ruwa a tsakiyar damina, ƙarancin sinadarin fosfaras, rashin ƙwayoyin da ke ɗaure wa saiwa ƙulli, da fashewar kwanso idan an jinkirta girbi a busasshiyar iska. Kuɗin da zai sayi feshi biyu, idan aka sa shi a takin sufa da maganin cuɗa iri mai ƙwayoyin saiwa, amfaninsa yana fitowa kowace shekara, ba sai shekarar cuta ba.

4.3 Gane Cutar da Yadda Ake Feshin

Akwai kuma matsalar da ba a cika ambata ba, ita ce yawancin ganyen da ya yi ja ko rawaya a gonar jigawa ba tsatsa ba ce. Ƙishirwa tana kawo haka, ƙarancin abinci a ƙasa yana kawo haka, haka ma ƙurajen bakteriya da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye, kuma babu ɗayansu da maganin naman gwari yake warkarwa. Tsatsa tana farawa ne daga ganyen ƙasa, inda inuwa da laima suke. Idan aka juya bayan ganyen aka duba da madubin ƙara girma, za a ga ƙananan ƙuraje masu tudu, kowanne da ɗan rami a ka, da gari mai launin ƙasa-ƙasa yana fita. Wanda ba shi da madubi yana iya sa ganyen cikin leda tare da jiƙaƙƙiyar takarda ya kwana. In tsatsa ce, da safe garin zai yi yawa har ya bar shaida idan an goga ganyen a farin ƙyalle. Wannan gwaji bai fi ƙarfin kowane malamin gona ba, kuma shi ya kamata ya riga buɗe gwangwani.

Ko an tabbatar da cutar, feshin da ba a yi daidai ba bai fi rashinsa ba. Famfon goyo mai lita 16 da manomi ke da shi yawanci na maganin ciyawa ne, bakinsa mai watsa manyan ɗigo ne da ke sauka a saman ganye su gangare, alhali cutar tana ƙarƙashi. Ana buƙatar baki mai fitar da ƙananan ɗigo, da ruwa lita 150 zuwa 200 a kadada, wato goyo goma zuwa goma sha uku, da ruwa mai tsabta ba na kududdufi mai laka ba, da safiya ko yammacin da iska ta kwanta. Wanda ya yi kadada da goyo huɗu don tsimi ya ba cutar rabin magani. Ragowar maganin ciyawa a famfon da ba a wanke ba kuwa yana iya ƙone waken fiye da yadda tsatsar za ta yi.

Rabin magani da yawan maimaitawa su ne ke koya wa cutar bijirewa, kuma Burazil ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. Magungunan gidan tirayazol, irin su tebuconazole, su ne suka ceci manomanta a farkon shekarun annobar, amma kafin 2010 ƙarfinsu ya ragu sosai. Daga baya aka gano sauyin halitta mai suna F129L da ya raunana wasu magungunan gidan sitirobilurin, sannan aka ga wani sauyin a kan sabon gidan SDHI bayan 'yan shekaru da fitowarsa. Yanzu manomin Burazil ya koma gauraya waɗannan da tsofaffin magunguna masu kai hari ta fuskoki da yawa, irin su mancozeb da chlorothalonil. Magungunan da ke aiki a Nijeriya a yau dukiya ce mai ƙarewa, kuma kowane feshi marar dalili yana rage ta.

4.4 Ruwa da Lafiya

Katuzu tana bakin kogi ne, a yankin da ruwan Haɗejiya da na Jama'are suka haɗu suka zama Kogin Yobe. Dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2000, da matattarar tsuntsaye ta Dagona, da sana'ar su da Badawa suka shahara da ita, duk a kan wannan ruwa suke. Chlorothalonil da magungunan sitirobilurin suna da guba ƙwarai ga kifi, kuma Tarayyar Turai ta janye izinin chlorothalonil a 2019, na mancozeb a 2020. A ƙasar da ambaliya ke shafe gonaki, kamar yadda aka gani a Gashuwa a 2022, abin da aka fesa a fadama ba ya tsayawa a fadama. Ga kuma al'amarin ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa shekaru da yawa, wanda masana ke ci gaba da binciken musabbabinsa. Wannan takarda ba ta ɗora laifin a kan maganin gona ba. Abin da take cewa shi ne al'ummar da ke cikin wannan hali ba ta cancanci a ƙara mata wani sinadari a ruwa da fata ba sai da hujja mai ƙarfi, balle a wurin da yaro ke feshi ba safar hannu ba takunkumi, gwangwanin da ya ƙare kuma ya koma na ɗiban ruwa.

4.5 Hujjojin Masu Ganin Akasi

Hujja mafi ƙarfi ita ce rigakafi ya fi magani, kuma a kan wannan cuta maganar tana da tushe a kimiyya: maganin yana aiki sosai ne kafin kamu ko a farkonsa, idan ganye ya riga ya cika da ƙuraje amfaninsa kaɗan ne. Mai wannan hujja zai ce jiran ganin cuta jiran asara ne. Amsar ita ce sa ido ba jiran gona ta lalace ba ne. Hanyar da aka bi a kudancin Afirka da Amurka ita ce shuka ƙaramin fili na iri marar juriya mako biyu ko uku kafin sauran gonaki, a riƙa duba shi kowane mako. Cutar takan fara bayyana a wannan fili saboda ya riga sauran fure, sai gargaɗi ya fita tun gonakin jama'a suna lafiya. Irin TGx 1448-2E, wanda aka san tsatsa tana kama shi, ya isa wannan aiki. Da fili irin wannan a Gashuwa da Nguru, da labarin abin da ke faruwa a Samaru da kudancin Kano, manomi zai yi rigakafinsa a shekarar da ake buƙata, ya huta a sauran.

Hujja ta biyu ita ce fadama ba jigawa ba ce. Wannan gaskiya ne, kuma nan ne iyakar matsayar takardar take. Gonar da ke kusa da ruwa, mai cunkoson shuka, a cikin markar Agusta, tana iya riƙe raɓa har hantsi, ta cika awa shidan da cutar ke nema. Irin wannan gona ita ce ta fi cancantar dubawa, kuma idan aka ga cutar tsakanin fure da cikar ƙwaya, ana kuma sa ran ruwa zai ci gaba, feshi ɗaya na gaurayen magungunan gida biyu ya halatta, a sake dubawa bayan mako biyu zuwa uku kafin a yanke shawarar na biyu. Haɗari mafi girma a fadama shi ne noman waken suya da rani. Ranar da aka fara shuka shi da ban-ruwa daga Nuwamba zuwa Maris, an gina wa cutar gadar da za ta haye daga damina zuwa damina, shingen da aka yi bayani a 4.1 kuma ya rushe. Fadamar Bade tana da alkama da shinkafa da albasa da barkono da za su cika rani. Bai kamata a ƙara waken suya a cikinsu ba.

Ana kuma cewa damina tana ƙara nauyi a Sahel, don haka abin da ya tsare yankin jiya ba zai tsare shi gobe ba. Ruwan da ke ƙaruwa yawanci mamako ne mai zuwa lokaci ɗaya, bai kuma taɓa watanni takwas na rani ba. Ko da hasashen ya tabbata, filin leƙe ne zai fara nuna shi, kalanda ba za ta nuna komai ba. Masu cewa juriyar iri takan karye su ma suna da gaskiya, ganin nau'o'in cutar da aka samu a ƙasar nan, amma wannan dalili ne na sabunta iri da ci gaba da dubawa. Batun cewa sitirobilurin yana sa ganye ya daɗe da kore ko babu cuta kuwa, a yankin da ruwa ke ɗaukewa a Satumba jinkirin nuna ba alheri ba ne.

5.0 Shawarwari

Aikin yana kan hukumomin da ke kusa. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana da damar riƙe filin leƙe a jigawa da fadama, ta tattara bayanin ranar da cutar ke bayyana da tsawon jiƙar ganye na wasu damuna a jere, domin shawarar da za a bai wa manomin Bade ta fito daga ƙasar Bade. Hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Yobe ta tabbatar da cewa irin da ke isa hannun manomi mai juriya ne kuma mai saurin nuna, ta horar da malaman gona gane cutar, ta kuma cire feshin tsatsa daga jerin abubuwan da ake rabawa kai tsaye tare da iri. Masu shagunan maganin gona, waɗanda a aikace su ne manomi ke fara tambaya, su tsaya ga kayan da ke da rajistar NAFDAC, su kuma daina miƙa maganin naman gwari ga duk wanda ya zo da ganye mai rawaya. Manomin Katuzu da ya shuka waken suya a bana ya duba bayan ganyen ƙasa sau ɗaya a mako daga ranar da ya ga fure. Idan bai ga ƙurji mai gari ba, ya bar kuɗinsa a aljihu.